Inda Yaya Ta Jingina Kai

A falona akwai wani tabo a bango, kusa da taga, daidai inda kan mutum zai kai idan ya zauna a kujera ya jingina. Tabon man gashi ne, bai kai faɗin tafin hannu ba. Duk wanda ya shigo sai idonsa ya je wurin, domin sauran bangon fari ne tas, kuma kowa ya san ni da tsabtar tsiya. Ni ce matar da ke bin baƙo da tsumma tun bai ajiye kofin ruwa ba. Amma ranar da matar ɗana ta nufi tabon nan da soso, na daka mata tsawar da sai da bokiti ya suɓuce mata. Har yau a ɗarare take gaishe ni, baiwar Allah. Abin da ya rage mini na Yayata ke nan a duniya. Idan ya goge, ta tafi daga kaina gaba ɗaya, kuma ba da wasa nake faɗa ba.

Shekara tara Yaya ta ba ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, ita ta raine ni, kuma wankan da take yi mini ba wanka ba ne, horo ne. Sai ta matse ni tsakanin gwiwoyinta ta dirje bayan kunnena har in ga taurari da rana tsaka. Idan na yi ihu ta ce, "Yi shiru, ƙazamiya, ai ba fatar zan cire ba." Daga wurinta na ɗauko tsabta, sai dai ni na ɗauko na wuce gona da iri.

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya wadda muke kira Mitsitsiya saboda ƙanƙantarta. Yarinyar ta rasu tana da shekara biyu da rabi, zazzaɓin kwana huɗu. Bayan nan auren bai yi ƙarko ba, kuma Yaya ba ta sake wani ba. Ta kama aiki da wani kamfani mai kula da gidajen haya, irin dogayen benayen nan masu ɗakuna jere kamar akwatuna. Aikinta shi ne idan ɗan haya ya tashi, ta wanke ɗakin kafin wani ya shigo. Shekara talatin da huɗu tana wannan, har unguwa ta manta da sunanta ana ce mata Mai Bokiti. Ɗakin da aka yi mutuwa a ciki kuwa, musamman na wanda ba shi da kowa, sauran ma'aikata sai su fara ciwon baya da ciwon kai. Yaya ce ke karɓar makullin.

Ni ban shiga aikin ba sai bayan rasuwar maigidana, da zaman gida ya ishe ni. Na ce mata ta kai ni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke? Za ki goge musu gida har tubali ya fito." Ta dai kai ni.

A nan na ga yadda take aiki. Idan ta buɗe ƙofa ba ta shiga kai tsaye. Sai ta yi sallama, ga ɗaki fayau ba kowa, ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ta tuɓe takalmi. Daga sama take farawa: yanar gizo-gizo a kusurwar silin, fukafukan fanka, saman ƙofa inda ba mai dubawa. Sai bango, sai tagogi, sai ƙasa. Ƙasan ma daga lungu mafi nisa take tasowa, tana ja da baya a durƙushe har ta fita, yadda ko sawunta ba zai zauna ba. Ba ta yarda da mofa mai sanda ba, ta ce abin ragwaye ne. Hannuwanta duk sun tsattsage saboda garin sabulu, babban yatsanta na dama ya karkace wajen matse tsumma. Tana aiki tana wani ɗan gunji a maƙogwaro, ba waƙa ba, ba magana ba.

Kuma tana karanta ɗaki yadda malami ke karanta takarda. Ta dubi bango ta ce, "Bahago ne, dubi gefen makunnin wuta da ya yi baƙi." Ko ta ce, "Wannan matar a tsaye take cin abinci, gaban taga. Kaɗaici ya dame ta." Ni kuwa in ce, "Yaya, datti dai datti ne, ki bar yi masa tafsiri."

Manajanmu wani ɗan gaye ne mai son Turanci, ga turare kamar ya yi wanka da shi. A ƙasan kowace takardar aiki sai ya rubuta wata magana ta Turanci, 'yan kalmomi uku, ya ja mata layi biyu. Idan ya zo dubawa ma ita yake maimaitawa yana shafa yatsa a kan taga. Harshena bai taɓa iya juya ta ba. Na kai wa ɗana takardar, ya ce ana faɗinta ne ga abin da aka gyara fes har yana ƙyalli, kamar yau aka fito da shi daga shago. Ana faɗa wa ɗaki, ana faɗa wa mota, har yaron da aka shirya zai tafi makaranta. Na ce to mene ne kishiyarta? Ya ce kaca-kaca, ƙazanta, wuri a hargitse.

Da na ba Yaya labari muna wanke tsummoki a bakin famfo, sai ta girgiza kai.

"Ɗanki ya yi karatu, amma bai wanke ɗaki ba," in ji ta. "Abin da Manaja ke nufi, a mai da ɗaki kamar ba a taɓa zama cikinsa ba. Kishiyar wannan ba ƙazanta ba ce. Kishiyarsa a ce an zauna."

Na ce, "To fa, yau kuma farfesa muka samu." Ta watsa mini ruwan kumfa, muka yi dariya, na manta da zancen.

Sai da na yi wata uku tare da ita na gano asirinta. A kowane ɗaki, bayan ta wanke komai, tana barin wuri ɗaya ba ta taɓa ba. Ɗan wuri ne, kuma inda ido ba ya saurin kaiwa: shatin yatsu a bayan ƙofa, ko inda kan gado ya goge fenti, ko zanen fensir da uwa ta yi tana auna tsawon ɗanta. Ranar da na kama ta, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mata ido. Na miƙa tsumma zan ƙarasa, sai ta cafke mini wuyan hannu. Wallahi ban san tana da ƙarfi haka ba.

"Bar shi," ta ce.

"Haba Yaya, ke da kika koya mini? Wannan ai ha'inci ne."

"Na ce ki bar shi. Na mai ɗakin ne."

"Mai ɗakin ya tashi!"

"Shi ya sa."

Na yi ta mita har muka sauko daga bene. Raina ya ɓaci sosai, don a ganina ta zubar mana da mutunci, mu da ake yabo da aiki.

Abin ya fito fili ne a ɗakin wani tsoho mai gyaran agogo, a hawa na uku. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin shi kaɗai, a nan kuma aka same shi ya cika a kan kujerar aikinsa. Da muka iso da safe an riga an kwashe kayansa kaf. A bakin ƙofa muka tarar da maƙwabciyarsa, wata tela mai jiki, tana rungume da wani kwanon silba tana sharɓar kuka. Ta ce kullum a kwanon nan take zuba masa abincin rana, ya cinye ya wanke ya ajiye mata a bakin ƙofa. Ta ce yana kiranta 'yarsa, shi ya gyara mata keken ɗinki sau ba adadi. Ta ba mu labarin tarinsa, da yadda yake jan ƙafar hagu. Sai da Yaya ta rarrashe ta sannan ta koma ɗakinta.

Ina shiga na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali. Na duba ko an manta da agogo a wani lungu, babu ko ƙusa. Na ce ƙila famfo ne ke ɗiga a bayan bango. Yaya dai ta yi sallamarta ta tuɓe takalmi.

Wurin da ta zaɓa ta bari yana gefen ƙofa: wani dogon shati mai duhu, inda kafaɗar tsohon ke gogar bango duk lokacin da ya jawo ƙafarsa zai fita. Muna cikin tattara kaya sai ga Manaja. Ashe wani sabon ɗan haya ya kai ƙara cewa ya ga shatin hannu a bayan ƙofarsa, shi ne ya zo ya duba da kansa. Ya zagaya, ya shafa taga, ya leƙa banɗaki, har ya juya zai fita idonsa ya faɗa kan shatin.

"Mama, wannan fa?" ya tambayi Yaya.

"Na gani, ranka ya daɗe."

"To a goge mana."

"Ba zan goge ba."

Ya maimaita maganarsa ta Turanci har sau biyu, yana nuna takarda. Yaya ta ɗauki takalmanta ta fita, ta zauna a kan matakala ta juya mana baya. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce masa, "Yi haƙuri ɗana, tsufa ne. Kawo in yi." Na zuba garin sabulu a buroshi na hau dirza, da haushin Yaya da komai. Shatin shekara goma sha ɗaya ba ya fita da sauƙi, sai da gumi ya jiƙa mini riga. Na ɗauraye, na tsane da busasshen tsumma, bango ya fito fes.

A daidai lokacin sautin nan ya tsaya. Ban san kunnena ya saba da shi ba sai da ya ɗauke. Ɗakin ya yi wani irin shiru, ga rana tsaka, ga hayaniyar motoci a titi, amma kamar an toshe mini kunne da auduga. Manaja ya ce madalla, ya sa hannu a takarda ya tafi abinsa.

Ina fitowa da bokiti sai ga telar nan ta leƙo, kwanon silba a hannunta, idanunta har yanzu a kumbure. Ta ce, "Baiwar Allah, don Allah kwanon nan naku ne? Na gan shi a kan kekena."

Na ce, "Ba shi ne na tsohon ba?"

"Wane tsoho?"

"Mai gyaran agogo mana, maƙwabcinki!"

Ta leƙa ɗakin, ta ɗan yamutsa fuska kamar mai neman wata kalma. "Eh, an yi wani a nan kam," ta ce. "Dogo ne ko gajere? Kin san haya, yau wannan gobe wancan." Ta taɓa kumatunta ta ji danshi, ta dubi yatsunta da mamaki, ta ce yau idonta sai ruwa yake yi, ko hayaƙin risho ne. Ta koma ciki, na ji keken ɗinki ya tashi.

Na lallaɓa na zauna kusa da Yaya a kan matakala. Ni kaina na nemi abin da matar ta faɗa mana da safe game da tsohon, na ji yana zamewa, sai da na riƙe da ƙarfi. Can Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin tuna lokacin da Mitsitsiya ta rasu?"

Na ce na tuna.

"Aka kai ni gidan Goggo na yi mako biyu, don ba na iya shiga ɗakina. Ke kuma kika ce bari ki gyara mini kafin in dawo."

Na tuna wannan ma. Ina da shekara goma sha bakwai, ina ji da ƙarfi. Na wanke ɗakin tun daga sama har ƙasa. Na ba da kayan yarinyar, don kada uwarta ta gani hankalinta ya tashi. A jikin bango kuwa, daidai gwiwa, akwai shatin 'yan yatsunta jere tun daga bakin gado har ƙofa, inda take dafawa da hannun maiƙo lokacin da take koyon tafiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kankare. Har alfahari na yi da aikin.

"Ina zaune a tsakar gidan Goggo da hantsi," in ji Yaya, "ina ganin fuskarta a raina kamar yadda nake ganin hannuna. Sai ta ɗauke. Kamar an hure fitila. Na san na haihu, na san na shayar, na san nauyinta a bayana. Amma fuskar babu. Da na dawo na ga bango, sai na gane."

Na buɗe baki in ce ƙarya ne, in kwatanta mata yarinyar. Ni da na goya ta, na yi mata kitso. Na lalubo cikin kaina, babu komai, sai wani fili fari. Shekara talatin ina ɗauka daɗewa ce ta sa na manta. Ko hoto ba mu da shi, lokacin wa ke ɗaukar jariri hoto a gidan talaka?

Na fashe da kuka a kan matakalar mutane, na kama ƙafafunta. "Yaya, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"In faɗa miki ki yi yaya? Alheri kika yi nufi." Ta janye ƙafarta. "Tashi, kina jiƙa mini zane. Ga tsummoki can suna jiranmu."

Haka take. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake taɓa wurin da ta bari ba. Manaja ya yi ta ƙorafi har ya gaji, don ba shi da wata mai shiga ɗakin mamaci in ba ita ba. Muka ƙara shekara shida muna aiki tare, har ƙirjinta ya fara ciwo, numfashi ya gagare ta a kan bene, ta ajiye aiki. Na yi na yi ta dawo gidana ta ƙi. Ta ce ba za ta iya zama da mai bin ta da tsintsiya ba. Ta ci gaba da zama a ɗakinta na haya guda ɗaya, a bayan wani shagon kayan gini.

Wata Talata da hantsi sai ga ta a gidana ba sanarwa. Lokacin ɗana ya sa an yi mini sabon fenti, ko labule ban mayar ba. Ta shigo tana haki, kanta ya sha man gashi har yana naso ta cikin ɗankwali, abin da ban san ta da shi ba. Ga kujeru masu laushi, ta ƙi, ta jawo ta roba ta kai jikin bango kusa da taga. Ta zame ɗankwalin, ta jingina kanta da sabon fentina.

Na ce, "Yaya! Fentin jiya-jiya!"

"Bari in huta, 'yar nan."

"Ga matashi, ɗago in sa miki."

"Na ce ki bar ni." Ta lumshe ido tana wannan gunjin nata. Ta fi awa ɗaya a haka, har tana ɗan murza kan a bango kamar mai susa. Ni kuwa ina zaune ina ƙuna a ciki. Da za ta tafi na raka ta bakin titi, ta riƙe hannuna da karkataccen yatsan nan ta ce, "Ke dai ki rage zafin hannu." Na dawo na ga tabo ƙato, na yi tsaki. Abin da ya hana ni wanke shi a ranar, mai fenti ya ce kada ruwa ya taɓa bangon sai ya yi mako biyu.

Kwana tara bayan nan ta rasu a asibiti.

Da aka watse daga zaman makoki, na karɓi makullin ɗakinta na tafi ni kaɗai da safe. Na yi niyyar ko tsinke ba zan ɗaga ba. Zan nemo wurinta, in roƙi mai gidan, in ya ƙi in kama ɗakin da kaina. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na tura ƙofa.

Ɗakin fes. Ta ba da kayanta kaf, sai bokitinta a kife a tsakiya, tsumma a shanye a kansa. Ta wanke silin, ta wanke bango, ta kankare bayan ƙofa. Mace mai ciwon ƙirji, ban san kwana nawa ta yi tana wannan aikin ba. Na durƙusa na bi kowane lungu. Na hau bokitin na shafa saman ƙofa. Na duba gefen makunni, ƙasan taga, inda kan gadonta yake. Awa huɗu ina nema. Matar da ta bar wa ɗaruruwan baƙi alamarsu, ba ta bar wa kanta ko ɗigo ba. Mai shagon ya leƙo ya ce in hanzarta, gobe masu fenti za su zo, an riga an ba wani ɗakin.

Na fito raina a jagule. A hanya baƙin cikin ya juye ya zama fushi. Na ce wato ramuwa ce. Ta yi shiru shekara da shekaru, ta ce alheri na yi nufi, ashe tana jira ne ta nuna mini yadda abin yake. Na iso gida ana kiran azahar, ina huci. Ni kuma halina, idan raina ya ɓaci hannuna ke nema wa kansa aiki. Ban san lokacin da na haɗa ruwan kumfa ba. Idona ya sauka kan tabon nan da ya tsone mini ido kwana da kwanaki, na ce yau dai mako biyu ya cika. Ina dirzawa ina yi mata faɗa a raina, ina ganinta sarai zaune a wurin, ido a lumshe.

Shafa ɗaya, shafa biyu. A ta uku fuskarta ta ɗauke.

Soson ya faɗi daga hannuna. Na ja da baya ina salati. Rabin tabon ya tafi, rabi na nan, ruwan kumfa na gangarowa zai cinye sauran. Na cire ɗankwalina na tare shi da sauri, ina dannawa a hankali. Sai a lokacin kwanyata ta buɗe. Ta san za a shafe ɗakinta da fenti ko ta bari ko ba ta bari ba. Shi ya sa ta shafo mai, ta hau mota da ciwonta, ta kawo ajiyarta gidan da ba mai tashinta. Duk duniya ta rasa wanda za ta ba sai ni, ni da na goge mata 'ya.

Ƙila kun lura tun da na fara ban gaya muku kamanninta ba. Ba ni da su. Ina da muryarta, ina da gunjin, ina da hannuwan da faso na dugaduganta. Ina da duk labarin nan da na ba ku, kuma kullum sai na maimaita shi don in tabbatar yana nan. Ɗana ya kawo mini katinta na aiki mai hoto. Na duba na ga wata dattijuwa da ban taɓa gani ba, na ce ya mayar cikin ambulan. Ranar na yi kukan da ban yi a makokinta ba.

Na sa kafinta ya kafa ɗan katako a sama da wurin saboda ɗigar ruwa, na hana buɗe tagar idan ana iska. Jikokina sun san ko ƙwallo ta faɗa can sai dai su kira ni. Kowace safiya idan na gama shara, sai in yi sallama in zauna nesa kaɗan in dube shi.

Wata bakwai ana haka. Ran nan da hantsi, na gama goge ƙasa ina ja da baya a durƙushe kamar yadda ta koya mini, sai na ga wani abu a ƙasan tabon, daidai gwiwa. Shatin 'yan yatsu ne guda biyar, na maiƙo, sabo, har yana ɗan ƙyalli. Na ƙwala wa matar ɗana kira na ce wa ya shigo da jariri gidan nan? Ta rantse ba kowa, ƙofa ma a kulle take tun safe. Na kira autan jikokina mai shekara bakwai, na gwada hannunsa daga nesa ba tare da ya taɓa ba. Nasa ya ninka shi biyu.

Na kore su duka, na zauna a ƙasa ina kallon yatsun. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Sai ga ta a raina, ɓul, bayan shekara kusan arba'in: goshi mai faɗi, 'yar wushirya, girar hagu da ta fi ta dama tsayi kamar kullum tana tuhumar mutum, da lotsawar kumatu ɗaya idan za ta yi dariya. Mitsitsiya ce, tana dafe da bango tana miƙo mini hannu.

Kuma na tuna abin da kowa ke faɗa idan ya ɗauke ta, tun daga Goggo har masu awo a asibiti. Cewa suke yi, kai, wannan ai uwarta ce sak, kamar an tsaga kara.

Yanzu haka nake yi. In zauna in ɗauki fuskar yarinyar in yi ta ƙara mata shekaru a hankali, in sa mata furfura, in ja mata layuka a gefen baki. Wani lokaci ina kaiwa kusa, har in ji kamar girar nan za ta ɗaga a ce mini ƙazamiya. Na mayar da kujerar roba wurin, na ajiye ɗan ƙaramin kwano kusa da ita. Gefen nan na falo na daina share shi.